Yadda Ake Tafasa Ruwa Da Dafa Indomi A Gida Ba Tare Da Ta Caɓe Ba

Duk wanda ya taɓa juye indomi a faranti ya ga ta yi luguf ta manne da juna, ko ya tauna ya ji tsakiyarta da sauran tauri, ya san cewa girkin minti uku ma yana da ƙa'idojinsa. Sauƙinsa ne ke sa a raina shi, rainin kuma shi ke ɓata shi. A lura na, kusan duk kuskuren a wajen ruwa yake: ko an zuba ya yi yawa, ko an jefa taliyar tun bai tafasa ba, ko an bar ta a ciki ta wuce lokacinta. Shi ya sa zan ɗan daɗe a kan ruwan kafin mu kai ga sa taliya a tukunya.

Indomie dai sunan taliyar wani kamfani ne na ƙasar Indunusiya, wadda aka fara sayarwa a 1972, amma a bakin mutane sunan ya bi duk wata busasshiyar taliya mai lanƙwasa da ke zuwa a leda da ƙunshin sinadarinta. A haka zan yi amfani da shi a nan, ko wane kamfani ne ya yi ta.

Ka fara sanin abin da ke cikin ledar

Taliyar nan dafaffiya ce tun daga masana'anta. Wanda ya gane wannan ya gane rabin girkin. Ana kwaɓa fulawar alkama da ruwa da gishiri da wani sinadari mai kama da kanwa, wanda mutanen Japan ke kira kansui, shi ke ba ta ɗan launin rawaya da danƙo. Sai a murza kwaɓin, a yanka shi zare-zare, a turara shi har ya dahu, sannan a tsoma shi a mai mai zafin digiri 140 zuwa 160 a ma'aunin Selshiyas na minti ɗaya ko biyu. Zafin man nan yana korar ruwan da ke jikin taliyar ya fice a matsayin tururi, duk inda ya fice kuma sai ya bar 'yan ƙananan ramuka da ido ba ya gani.

Wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ne ya gano wannan dabara a garin Ikeda, kusa da Osaka a Japan, ya fitar da taliyarsa ta farko, Chicken Ramen, a 1958. A 1971 kamfaninsa na Nissin ya fito da ta cikin kofi. Yau ana cin sama da ƙunshi biliyan 100 a duniya kowace shekara.

To, aikinka a kicin shi ne ka mayar wa taliyar ruwan da aka cire mata, ta waɗannan ramuka, da zafi kuma da sauri. Ruwa mai tafasa yana shiga ya farfaɗo da ita tana nan da danƙonta. Ruwa mai ɗumi kuwa jiƙa bayanta yake yi a hankali, sitacin ya narke ya yi yauƙi, alhali tsakiyar ba ta ji komai ba.

Shiri kafin a kunna wuta

Ka nemo ƙaramar tukunya mai ɗan zurfi da murfinta. Faffaɗar tukunya tana baza ruwa ya zama shatata a ƙasa, bai rufe taliyar ba kuma ya ƙone da wuri. Ka ajiye kofin awo, da cokali mai yatsu, da farantin da za ka ci a ciki, da agogo ko wayarka.

Duba ranar lalacewa a jikin ledar, sannan ka buɗe ka sansana. Tun da da mai aka soya ta, idan ta daɗe ko ta sha rana za ka ji warin tsohon mai, wannan kuwa babu sinadarin da zai ɓoye shi. Ka fito da ƙananan ƙunshin da ke ciki ka yanke bakinsu tun yanzu. Idan za ka sa albasa ko karas ko ƙwai, ka wanke ka yanka ka ajiye a gefe. Da zarar taliya ta shiga ruwa babu sauran lokacin neman wuƙa.

Awon ruwa

Kafin ka ɗebo ruwa, ka yanke shawara: mai romo kake so ko busasshiya? Amsar ita ce awonka.

Ƙaramin ƙunshi mai nauyin giram 70 ko kusa da haka, idan busasshiya ake so, mililita 200 zuwa 250 ya ishe shi, wato kofin shayi guda. Idan da romo ne, sai a kai mililita 400. Manyan ƙunshi masu giram 120 da aka yi domin romo galibi suna neman mililita 500 zuwa 550. Abin da aka rubuta a bayan ledar shi ne gaba da duk wannan, domin da wannan awon aka daidaita gishirin sinadarin. Ƙara ruwa ya sa romon ya yi salam, rage shi ya sa gishiri ya fito zau.

Mai dafa ƙunshi biyu a tukunya ɗaya, musamman busasshiya, kada ya ninka ruwan cif. Ya ɗan rage, saboda ruwan da ke tashi a tururi ba ya ninkuwa don an ƙara taliya. Kuma ka auna da kofi. Awon ido shi ne tushen yawancin indomin da ke caɓewa, domin idan ruwa ya yi yawa mutum yakan tsaya jiran ya tsotse, taliyar kuma tana ta dahuwa a wannan jiran.

Tafasa ruwan

Ɗebo ruwan sanyi mai tsabta. Idan gidan akwai famfon ruwan zafi, kada ka yi girki da shi don neman sauri, ruwan zafi ya fi kwaso ƙarafan da ke jikin bututu. Zuba a tukunya, ka rufe, ka ɗora a wuta mai ƙarfi. Murfin nan yana da amfani sosai, yana tare tururin da ke guduwa da zafi, ruwan ya tafasa da wuri, makamashi kuma ya yi auki. Idan gas ne, ka daidaita harshen wutar ya tsaya a ƙarƙashin tukunya. Wanda ke lasar gefe asara ce kawai, ga ƙona mariƙi.

Yanzu ka kula da yadda ruwan ke sauyawa, domin a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Da farko za ka ga 'yan ƙananan ƙwayoyi sun lafe a ƙasan tukunya da gefenta. Wannan iskar da ke narke a cikin ruwan ce take fita, ruwan bai ko kusa tafasa ba. Can sai ka ji tukunyar ta fara ƙara, shuuu. Tururi ne ke tasowa daga ƙasa inda ya fi zafi, yana isa saman da bai yi zafi ba sai ya fashe ya koma ruwa. Shi ma wannan bai kai ba. Daga nan ƙarar za ta lafa, manyan kumfa su riƙa tasowa suna fashewa a sama, ruwan yana juyawa da kansa yana ɓararraka. Ga gwajin da ba ya ƙarya: sa cokali ka juya. Idan tafasar ta tsaya, ka ƙara jira. Idan ta ci gaba duk da juyawar, ruwa ya kai.

A wurin da ke daidai da gaɓar teku, ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selshiyas, kuma ba ya wuce nan a buɗaɗɗiyar tukunya komai ƙarfin wuta. Ƙara wuta bayan an tafasa ƙone ruwan kawai yake yi da sauri. A kan tudu kuwa iska ba ta da nauyi sosai, don haka ruwa yakan tafasa tun zafinsa bai kai 100 ba, ana rasa kusan digiri ɗaya a duk hawan mita 300. A birni kamar Addis Ababa, wanda ya haura mita 2,300, ruwa na tafasa a wajen digiri 92. Wanda ke zaune a irin wannan wuri zai ga taliyarsa tana neman ƙarin rabin minti ko minti guda a kan abin da leda ta ce.

Akwai masu barbaɗa gishiri wai don ruwa ya yi saurin tafasa. Gishiri ɗan ɗaga zafin tafasar ma yake yi, kuma a ɗan abin da ake sawa a girki bambancin bai kai a lura da shi ba. Ga indomi dai kada ka sa ko kaɗan, abin da ke cikin ƙunshin ya isa har ya yi yawa.

Idan ba ka amince da tsabtar ruwan ba, ka bar shi yana ɓararraka na minti ɗaya cur kafin ka sa komai, a wurin da ya haura mita 2,000 kuma minti uku. Wannan yana kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan da ya gurɓace da laka a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta kafin a ɗora. Amma a sani tafasa ba ta cire dalma ko maganin ƙwari ko wata guba da ta shiga ruwa. Irin wannan ruwan sai dai a canza shi.

Mai butar lantarki ya samu sauƙi: ya tafasa a ciki, ya juye a tukunya, ya ɗora a wuta ya sake tasowa. Kada a cika butar ta wuce layin da aka yi mata, kuma kada a dafa taliyar a cikinta, kumfa zai yi ambaliya, maiƙo da sitaci kuma su manne a inda hannu ba ya kaiwa. Mai girki da gawayi kuwa ya yi a waje ko inda iska ke shiga sosai, domin gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi da ke kashe mutum a rufaffen ɗaki.

Sa taliyar

Buɗe murfin ta yadda tururin zai fita nesa da fuskarka. Idan ledar ta zo da ƙunshin busassun ganye, shi ne farkon shiga, don ya fi taliyar jinkirin laushi. Sai ka zura dunƙulen taliyar a hankali ta gefen tukunya, kada ka jefa daga sama ruwa ya fallatso maka. Ni na fi son a sa ta ɗungurungum, domin dogon zare ya fi daɗin naɗewa a cokali, gutsattsari kuma sun fi saurin caɓewa. Idan tukunyar ƙarama ce ko yara za su ci, a raba ta biyu ya wadatar.

Danna agogo a daidai wannan lokaci. Tafasar za ta ɗan lafa saboda sanyin taliyar, ka bar wutar da ƙarfinta har ta dawo, sannan ka rage zuwa matsakaiciya. Kada ka mayar da murfi. Sitacin da ke fita yana yin kumfa, rufaffiyar tukunya kuma nan da nan take tumbatsa ta kashe wuta.

A daƙiƙa 30 zuwa 40 na farko ka ƙyale ta. Wanda ya fara tsokalarta tun tana da tauri kakkarya ta zai yi. Bayan nan ka kifa dunƙulen, saman ya koma ƙasa, ka ɗan danna shi cikin ruwa. Da ka ga gefe ya fara sakewa, sai ka sa cokali mai yatsu ka riƙa warware zaren a hankali, kana ɗagawa kana saki har kowanne ya rabu da ɗan'uwansa.

Yanzu ne lokacin garin sinadari, bayan ta warware, don ya shiga jikinta daidai-wa-daida. Shawarata ita ce ka zuba rabi ka juya ka ɗanɗana, in bai ji ba ka ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali guda, ƙunshi ɗaya na indomi kuwa sau da yawa yakan cinye rabin wannan ko fiye. Mafi yawan gishirin a garin nan yake, ko da yake ita kanta taliyar akwai shi a jikinta. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya riƙe wannan da kyau, ya kuma bar shanye romon. Ƙunshin mai kuwa, idan akwai, a ajiye shi sai an kashe wuta, domin tafasa tana korar ƙamshinsa.

Sauke ta tun ba ta gama ba

Wannan ne matakin da na fi damuwa da shi. Idan leda ta ce minti uku, to a minti biyu da rabi ka ɗauko zare ɗaya, ka hura, ka tauna. Abin da kake nema shi ne ya yi laushi amma haƙori ya ji ɗan tirjiya a tsakiya, ba garas-garas na ɗanye ba. Da ka ji haka, kashe wuta. Zafin da ke jikinta da na romon zai ƙarasa sauran aikin tsakanin murhu da inda za ka zauna. Wanda ya jira ta dahu luguf a tukunya, kafin ya kai cokali na uku ta riga ta kumbura ta saki.

Ka juye a faranti nan take, domin ƙarfen tukunya yana riƙe zafi yana ci gaba da dafa ta.

In busasshiya ake so

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda aka fi sani: ruwa kaɗan, a bar shi ya tsotse tare da sinadarin. A nan sai ka tsaya a kai kana juyawa, musamman a minti na ƙarshe, ka sauke tun da sauran ɗan ruwa mai kauri a ƙasa, kamar cokali biyu. Taliyar za ta shanye shi a faranti. Idan ka jira ƙasan ya bushe ƙayau, za ta kama.

Ta biyu kuwa, a dafa taliyar zalla a ruwa mai yawa, a tsiyaye, a rage cokali biyu ko uku na ruwan dahuwar, a zuba sinadarin a gauraya a faranti. Wannan ta fi ba da zare warara, kuma wani kaso na maiƙon yana bin ruwan da aka zubar. Af, maiƙon da ake gani yana yawo a saman ruwa man suya ne. Jita-jitar da ake yaɗawa cewa ana shafa wa taliyar kakin kyandir ba gaskiya ba ce.

Ƙwai da kayan lambu

Ita kaɗai indomi fulawa ce da mai da gishiri, tana cika ciki amma ba ta da wani abin gina jiki mai yawa. Ƙari kaɗan yana mayar da ita abinci. Dokar ita ce kowane abu ya shiga gwargwadon lokacin da yake buƙata. Karas da aka yanka siriri ya riga taliya da minti biyu ko uku. Albasa da kabeji su shiga tare da ita. Ganye mai laushi sai daƙiƙa 30 na ƙarshe. Idan kayan lambun suna da yawa, a ƙara ruwa kamar cokali uku.

Ƙwai kuwa ya danganta da yadda kake son sa. Idan dunƙule kake so, ka fasa shi a kofi tukuna don ka tabbatar lafiyayye ne, sai bayan taliyar ta warware ka buɗe ɗan gurbi a gefe ka zuba, ka rage wuta, kada ka taɓa shi. Idan so kake ya bi romon, ka kaɗa shi ka tsiyaya siriri a rabin minti na ƙarshe kana juyawa a hankali. Ga ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi, ya fi kyau a dafa ƙwan daban na minti goma har kwaiduwar ta yi tauri. Ɗanyen nama ko kaza ba sa dahuwa a minti uku, sai an dafa su tukuna a yayyanka a zuba.

Idan babu murhu

Taliyar kofi don haka aka yi ta, zarenta ya fi siriri. Buɗe murfin rabi, zuba tafasasshen ruwa zuwa layin da ke ciki, rufe, ɗora cokali a kai ya danne, jira minti uku, juya tun daga ƙasa inda sinadarin ke kwanciya. Ta leda ma tana yiwuwa a kwano mai murfi: a ɗauraye kwanon da ruwan zafi ya ɗau ɗumi, a sa taliyar, a zuba ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu ya rufe ta, a bar ta minti huɗu zuwa biyar. Ba za ta kai ta tukunya danƙo ba, amma za ta ciyu.

Mai na'urar ɗumama abinci ta lantarki, wato microwave, kada ya sa kofin taliya na farar roba mai kama da soso ko wani abu mai ƙarfe a ciki. Ya juye a kwanon tangaran ko gilashi. Ya kuma yi hattara da tafasa ruwa zalla a cikinta, domin ruwan kan wuce digiri 100 yana kwance shiru ba kumfa, ana taɓa shi sai ya yi tsalle ya fallatso. Sa taliyar a ciki tun farko yana rage wannan haɗari, haka ma barin kwanon ya huta rabin minti kafin a fito da shi.

Gyaran kuskure

Ruwa ya yi yawa kuma taliya ta kusa? Kwashe ruwan da ludayi, kada ka jira ya ƙone. Ya ƙafe tun ba ta dahu ba? Ƙara ruwan zafi cokali-cokali, na sanyi yana katse dahuwa. Gishiri ya yi yawa, ƙara ruwan zafi ko kayan lambu. In ta kama har ka ji ƙauri, juye na sama a wani mazubi ba tare da ka kankare ƙasan ba.

Ƙuna

Romon indomi yana cikin abubuwan da ke yawan ƙona yara, kuma ƙunarsa tana da muni saboda zaren yana manne wa fata yana riƙe zafi. Ka juya mariƙin tukunya ya kalli ciki, kada ka ajiye kwano a bakin tebur, kada kuma ka ba yaro ya ɗauko da kansa. Kofin taliya dogo ne mai ƙaramin gindi, taɓawa kaɗan ya kife, don haka a juye wa yaro a faffaɗan kwano a bar shi ya huce.

Idan tsautsayi ya faɗa, a share taliyar daga fata nan take, a cire rigar da ta jiƙe muddin ba ta manne ba, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da mai, ban da man goge baki, kuma kada a fasa bororon da ya taso. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta fuska, ko hannu, ko al'aura, ko kowace ƙuna a jikin jariri, a tafi asibiti.

Ragowar da ba a cinye ba kada ta wuce awa biyu a waje. A tsame taliyar daga romon don kada ta ci gaba da sha, a rufe kowanne daban a sa a firji, a ɗumama washegari har ya yi tururi, da ɗan yayyafin ruwa idan ta bushe. Tukunyar kuma a zuba mata ruwa tun tana da ɗumi, sitacin bai kai ga bushewa ba, soso ɗaya zai fitar da shi.